Hannun da ya manta kitso

Masu tambaya ina Rabi mai kitso ta Tudun Wada ta shiga, ga ni. Na yi shiru ne don da hannun hagu nake danna waya, kuma zuciyar ma ba ta son magana.

Gilashin taga ne ya fashe ina gogewa, ya yanke min jijiyoyin yatsu biyu na hannun dama. A asibiti a Gusau aka ɗinke, aka ɗaure. Likita ya ce, "Ki lallaɓa shi, kuma ki dawo wurin masu gashin ƙashi."

Rabin farko na maganar na riƙe, rabin ƙarshe na bar shi a can.

Inna, mahaifiyata, ta kwashe ni zuwa Bungudu jinya. Kun san jinyar uwa. Ko cokali na ɗauka sai ta ce, "Mi kike yi da hannun ga? Aje shi!" Ita ke ba ni abinci a baki, ni mai 'ya'ya uku.

Ciwo ya warke sumul, amma yatsu suka ƙage kamar ƙugiya. Matsefi ma faɗuwa yake. Na ji tsoro ƙwarai, na yi kuka a bayan ɗaki.

Ba sana'ar ce ta fi damuna ba. Tun ina budurwa ni kaɗai ke taɓa kan Inna. Ina kewar zaman nan, ita a tabarma, kanta a cinyata, tana ba ni labarin mutanen da ban sani ba. Ƙanwata ta zo daga Tsafe za ta yi mata kitso, Inna ta ja kallabi ta ce, "Kaina na jiran mai shi."

Da na koma asibiti, mai gashin ƙashin ta murza yatsun ta ce jijiya zare-zare ce, sunan zaren kolajin. Akwai wasu ƙananan sinadarai na furotin da ke manne masa, su ke tsaga shi, su daidaita kaurinsa, su jera shi layi-layi. Motsi kaɗan-kaɗan ne ke nuna wa sabon zaren hanyar da zai bi. Da ba a motsa ba, sai ya cukurkuɗe ya manne da naman gefe.

Na ce, "Wato gashin da aka bari ba taza."

Ta yi dariya ta ce haka ne.

Daga nan sai ruwan ɗumi, lanƙwasa, miƙewa, matsa soso. Akwai zafi, kada a yaudare ku. Kuɗin mota da na asibiti suka cinye akuyata. Watanni muka yi ana abu ɗaya.

Juma'ar da ta wuce na je Bungudu. Inna ta cire kallabi, furfurar duk ta dunƙule, sai da na jiƙa ta da man kaɗanya. Na yi mata shuku, ya fito a karkace, ɗan koyo ma zai fi ni.

Ta shafa ta ce, "Ni na hana hannun ga motsi, ni zan saye karkataccen aikinsa. Ja da kyau, ɗiyata."

Alhamdulillahi. Na gode wa duk wanda ya yi min addu'a ko ya leƙo.

In an ɗinke muku jijiya, ku tambayi likita yaushe za a fara motsi kuma wane iri, kada ku yi gaban kanku, kada kuma ku ƙi komawa. Ku tafi da mai jinyarku ta ji da kunnenta. Da na tafi da Inna ranar da likita ya yi maganar, da gashin kanta bai yi wannan dogon jiran ba.