Mai Buta na Ɗakin Maza

Kafin masu jinya su gama naɗe tabarmi da safe, ya riga ya iso ɗakin maza na asibiti da tsintsiya da bokiti. Aikin da aka ɗauke shi ke nan: shara, canza zanen gado, tura marasa lafiya a keke zuwa ɗakin hoto, da kwashe fo daga ƙarƙashin gadon waɗanda ba sa iya tashi. Amma da azahar ta gabato sai ya jingine tsintsiya, ya wanke hannu da sabulu, ya surka ruwa a buta, ya ɗauko roba da tawul, ya shiga bin gadaje yana yi wa waɗanda suka kasa alwala. Wannan ba ya cikin aikinsa, ba wanda ya sa shi. Daga nan ya samo sunan Mai Buta. A bayan idonsa kuwa akwai masu kiransa da wani sunan, mai alaƙa da fo ɗin nan, wanda baki ke jin nauyin maimaitawa.

A wannan watan dattijon zai ajiye aiki. Cikin waɗanda suka san darajarsa akwai wani tela, wanda har yau idan aka ambaci Mai Buta sai ya sunkuyar da kai.

Mahaifin telan tsohon birkila ne, mutum mai tsafta da kame kai, wanda 'ya'yansa ba su taɓa ganin ko gwiwarsa ba. Ko a kan gini yake, da wuya ka same shi babu alwala. Hawan jini ya kayar da shi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke, fitsari ma ya daina riƙuwa. Telan, da yake shi ne babba, ya rufe shago ya tare a gefen gadon.

Ana cikin haka wata safiya ya tarar shimfiɗa ta sake jiƙewa, ga gajiya, ga masu ɗinki sun dame shi a waya. Ya toshe hanci da hannun riga, ya ƙwala wa Mai Buta kira daga nesa.

"Kai mai shara, zo ka kwashe wannan. Mutum ba ya ma iya numfashi a nan."

Dukan ɗakin ya ji. Tsohon ma ya ji, don bakinsa ne ya mutu, ba kunnensa ba. Mai Buta ya zo ya ja labule, ya gyara komai, ya fita.

Daga ranar tsohon ya juya fuska bango, ya daina shan ruwa. Idan ɗan ya kawo kofi sai ya damƙe baki. Leɓɓansa suka tsage, idanu suka faɗa. Malamar asibiti ta sa masa ƙarin ruwa, ya fizge allurar da hannunsa mai lafiya, ta ce idan aka ci gaba a haka ƙodarsa za ta taɓu. Telan ya lallasa, ya yi faɗa, ya kira ƙannensa mata suka yi kuka, duk a banza. Salla kuwa tun kwanciyar tsohon ba wanda ya yi masa zancenta, a ganinsu ai lalura ta ɗauke masa.

Ran nan da azahar Mai Buta ya tsaya a gadon, ya dubi telan.

"Ɗana, tashi ka ba ni wuri. Ko ka tsaya, amma ka yi shiru."

Ya ja labule, ya tsaftace tsohon a ƙarƙashin mayafi, ko ɗan da ke tsaye bai ga komai ba. Ya sake wanke hannu, ya zauna a bakin gado.

"Maigida, lokaci ya yi. Mai larura irin taka alwala yake yi kowace salla, abin da ya fita bayan nan ba laifinsa ba ne. Niyya taka ce, ni ruwa kawai na kawo. Ka faɗa a zuci, ni zan faɗa a fili."

Tsohon ya daɗe bai motsa ba. Can sai ya juyo.

"Bismillah," in ji Mai Buta. Ya kama shanyayyen hannun nan ya wanke, yana bin tsakanin yatsun da siminti ya cinye. Ya kai ruwa bakin tsohon ya kurkure, ya tara masa roba. Ya wanke fuska, ya tsefe gemu da jiƙaƙƙun yatsu, ya bi hannuwa zuwa gwiwa, ya shafi kai da kunnuwa, ya durƙusa ya wanke ƙafafu. Da ya gama sai ya ɗaga yatsan tsohon sama, ya karanta kalmar shahada a hankali, ya ɗora da addu'ar bayan alwala: Allah Ka sanya ni cikin masu yawan tuba, Ka sanya ni cikin masu tsarkaka.

A wurin "masu tsarkaka" ne hawaye ya gangaro wa tsohon, ya shige gemu. Ya yi sallarsa a kwance, da nuni. Da ya idar, Mai Buta ya miƙa masa kofi.

"Sha abinka, Maigida. Idan ya fita, la'asar ma ina nan."

Ya shanye tas.

Telan ya ce a lokacin ne ya gane kunyar jiƙa shimfiɗa ce ta hana mahaifinsa shan ruwa, ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya bi Mai Buta har bakin famfo, ya tsaya yana murza hula.

"Baba, ni dai..."

"Riƙe butar nan," in ji dattijon. "Da la'asar kai za ka zuba. Ni baƙo ne, ba zai ji nauyina ba. Kai kuwa sai ka yi haƙuri da shi, shi ya yi maka tsarki kana ƙarami, juyin ne ke masa ciwo. Kuma ka surka ruwan, ba wankan mota za ka yi ba."

Da farko tsohon ya ƙi miƙa wa ɗansa ƙafa. Sai da aka kwana biyu ana yi tare, ɗaya na zubawa ɗaya na wankewa, kafin ya saki jiki. Yanzu yana gida. Maganarsa ba ta dawo ba, sai dai idan an gama alwala ɗan ya fara shahada, yakan fizgo "ashhadu" da kyar, sauran su ƙarasa tare, ɗaya a fili ɗaya a zuci.

Da telan ya ji labarin ritaya, ya ɗinka riga ya kai, ya samu ya nemi gafarar kiran nan na "mai shara". Mai Buta ya yi dariya ya ce, "To da me nake? Sharar nake yi ai." Wannan amsar ta fi zagi yi wa telan zafi.

Baba Mai Buta, kai ne mai rufa asirin maza ranar da ƙarfi ya gudu ya bar su. Kai ne ka durƙusa gaban ƙafafun iyayen mutane alhali 'ya'yansu na tsaye suna toshe hanci. Mun wuce ka a baranda ba sallama, mun kira ka da "kai" duk da furfurarka, ba ka fasa sa wa iyayenmu sunan Allah a baki ba. Godiyar ta zo a makare, amma ka karɓa. Allah Ya saka maka da alheri, Ya ba ka masu yi maka idan taka ranar ta zo.

Mu kuma da ke da tsoho a kwance a gida ko a asibiti, kada mu tsaya a kan magani da abinci. Idan an kira salla, mu leƙa ɗakin, mu tambaye shi ko yana son alwala. Wataƙila tun ɗazu yake jira, kunya ce ta hana shi nema.