Lasifika da Ƙwayar Hawan Jini

Tun yana yaro ake ce masa Lasifika, don ko raɗa ya yi sai maƙwabta sun amsa. Da ya girma sai muryar ta zame masa sana'a. Yana da wani ɗan ɗaki a bayan shagon gyaran waya, ya manna kwalayen ƙwai a bango don kada ƙarar titi ta shigo, a nan yake naɗar talla. Sabulu, maganin ɓera, katifa, duk ya sayar da baki. Akwai shekarar da ya yi wa 'yan takara biyu aiki rana ɗaya, da safe ya yi wa ɗaya kaca-kaca, da yamma ya wanke shi tas. Ko kunya babu, har yau yana ba da labarin yana ƙyaƙyata dariya.

Mutum ɗaya ce ba ta taɓa sayen komai a bakinsa ba, mahaifiyarsa. Amma ga abin haushi, ita ɗin ce wani ƙato da ba ta taɓa gani ba ya juya da saƙon murya a waya. Wai ƙwayar hawan jini da asibiti ke bayarwa tana cinye ƙoda. Tsohuwa ta tattara maganinta ta cusa ƙarƙashin katifa. Ƙafafu suka fara kumbura, kai yana sara mata, ita kuwa ko a jikinta.

Lasifika ya zo ya zauna a bakin gado, ya ce ta kunna masa saƙon. Ana fara magana ya ɗaga yatsa.

"Mama, saurara. Yanzu zai ce wani babban likita ne ya faɗa masa, amma ba zai kama suna ba."

Mutumin cikin waya ya ce wani babban likita.

"Yanzu zai sauke murya kamar mai shirin kuka. Ga shi nan. Sai kuma ya kawo marayu."

Marayu suka iso. Tsohuwa ta toshe baki da mayafi.

"Saura ya ce ba sa so ku sani, ki tura wa kowa kafin a goge."

Da mutumin ya faɗi haka ɗin, dariya ta ƙwace mata, har da dukan cinya. Ta sa aka sake kunnawa, wannan karon ita ke rigan mutumin faɗa. Can ta shiga kwaikwayon shessheƙarsa, wallahi ta ma fi shi iyawa.

Daɗi ya cika Lasifika, ya ɗauka aiki ya ƙare. Ya zaro maganin daga ƙarƙashin katifa, ya gyara zama, kuma da yake hali ya riga ya bi jiki, sai ga shi cikin muryar talla.

"Mama, likitoci duk sun tabbatar..."

"Waɗanne? Kama suna."

Ya yi ɗan tari, ya sauke murya. "Ki tuna da jikokinki, in suka wayi gari babu..."

"Ga marayu nan sun iso," in ji ta, tana share hawayen dariya. "Ashe ɗan uwanka ne. Shi ya tsorata ni in bari, kai kana tsorata ni in sha. To ba zan sha ba, ku je can ku sasanta."

Duk maganar da Lasifika ya ɗauko, kafin ta fito sai ya ji talla ce, ya mayar. Ya zauna yana juya kwalin a hannu, idonsa a kan ƙafafunta da ko silifa sun daina shiga. Tsoro na gaske ya kama shi.

"Ni ban san komai a kan ƙoda ba, Mama," ya ce, maganar na fitowa a karkace har da in'ina. "Gobe mu je ki tambayi likitarki da bakinki. Ni dai ƙafar nan ce ke hana ni barci."

Ta kalle shi, dariyar ta tafi.

"Wannan kam ba ka iya faɗarta ba ko kaɗan," ta ce. "Miƙo min ruwa."