Tef Shida na Goggo Tela

Goggo Tela ƙanwar babana ce. Shekara talatin da huɗu ke nan tana zaune a kan kujera ɗaya, a bayan keken ɗinki ɗaya, a wani shago mai faɗin katifa biyu tsakanin kemis da mai gyaran fanka. 'Ya'ya biyar ta haifa, cikinta kuwa tun haihuwar fari ya ce shi kam ya ga waje, ba inda zai koma. Ita ma ba ta ja da shi ba. A kansa take ajiye almakashi, a kansa take ninke yadi, in waya ta ɓata a shagon nan can ake fara dubawa.

Ɗinkinta dai na rufin asiri ne, ranar da ta tashi da ciwon baya hannun riga ɗaya kan fi ɗaya tsawo. Abin da ya sa aka san ta a layinmu shi ne awon masu haihuwa. Mace ta haihu, da zarar ta iya takawa sai ta riƙa zuwa shagon kowace Asabar har mako shida, Goggo ta zagaya mata tef a ciki ta faɗa mata lamba. Ba magani, ba tausa, awo kawai. Amma duk wadda ta je, lambarta sauka take yi mako bayan mako, har matan layin suka yarda hannun Goggo ne ke da albarka. Sharaɗinta ɗaya ne: ba ta auna mai jin yunwa. Sai kin cinye kwano a gabanta tukuna. Cewa take yi cikin da babu komai iska ke cika shi, iska kuwa ƙara inci take yi.

A bangon da ke bayanta akwai ƙusa shida, kowace da tef ɗin awo irin na da, mai kama da yadi, a rataye. Na farko shi kaɗai yake lilo. Na biyu an ɗaura masa kwaɗo a gindi, na uku gwangwanin maɓallai, na huɗu dutsen guga, na biyar galan cike da ruwa, na shida kuma kan wani tsohon keke da ya mutu tun ina firamare. Kowace safiya takan yayyafa musu ruwan zafi. In ka tambaya sai ta ce don kada su nannaɗe ne. Da wannan amsa na girma, ban taɓa ƙara tambaya ba, ni da yanzu lissafi nake koyarwa a aji biyar.

Da na yi haihuwata ta fari, a tunanina in aka fitar da kaya daga buhu, buhu kwanciya yake yi. Washegari na ɗaga riga na ga ciki yana nan daram kamar na wata shida. Na kira nas na ce ko dai an manta wani a ciki. Ta yi dariya har da riƙe gado. Ta ce mahaifa takan ɗauki wajen mako shida kafin ta koma mazauninta, murɗar da nake ji in ina shayarwa ma ita ce ke tsukewa, fata da tsoka kuwa sai a hankali, watanni ne. Mako shidan kawai na ɗauka, sauran na bar mata a can.

Kwana takwas da haihuwa ina layin awon jarirai, 'yata a kafaɗa, wata mata ta dube ni sama da ƙasa cike da tausayi ta ce, "Sannu baiwar Allah, ga goyo ga ciki. Allah ya raba lafiya."

Na ce amin. Ina isa gida na ɗaura yaƙi. Na sa belet ɗin ciki mai maɓalli jeri uku, na naɗa tawul a kai, na ɗaure tawul ɗin da belet ɗin wandon maigidana. Abinci kuwa na sallame shi. Shayi ba sukari da safe, yankan kokwamba da rana, da yamma ruwa da haƙuri. In na miƙe sai ɗaki ya zagaya ya dawo. Maigidana mutumin kirki ne, sai dai bakinsa ba birki. Ya zo lallashi ya ce, "Ni wallahi haka ma ya fi mini, laushi kamar filo." Kwana biyu ban yi masa magana ba.

Nono ya fara ja da baya. Yarinya ta kama ta tsotsa ta saki ta yi kuka, ta sake kamawa ta sake saki. A awo na gaba nas ta ɗora ta a sikeli, ta dubi kati, ta dube ni, wannan karon ba dariya. Ta ce yarinya ba ta ƙaru ba, in mako mai zuwa haka ne kwantar da mu za a yi. Na ji tsoro ƙwarai, kuma na san laifina ne. Duk da haka da aka ajiye mini kwano na kasa kai loma baki, sai muryar matar nan nake ji. Har yau ina jin kunyar wannan.

Ranar Asabar maigidana ya sa mu gaba, ni da yarinya, har shagon Goggo. Ya ajiye mu ya yi gaba abinsa.

Goggo ta zare tabarau ta ƙare mini kallo. "Wa ya naɗe ki haka, 'yar nan, kamar saƙon da za a sa a mota?" Ta shiga kwance ni, belet, tawul, wani belet, tana jefawa a kwandon tsumma. Sannan ta karɓi yarinya ta jinjina ta a tafi ɗaya. "Wannan ai ƙyalle ce. Ko aljihu ba za ta yi ba."

Ta turo mini kwanon shinkafa da wake da dafaffen ƙwai biyu. Na ce na ƙoshi. Ta ce to, ta ci gaba da taka keke. Na ce awo na zo. Ta ce ta ji. Awa guda muna haka, ni na cika na yi fam, ita ko a jikinta. Daga ƙarshe son jin lamba ya fi ƙarfina, na cinye har da suɗe cokali. Ta ciro tef na farko ta zagaya.

"Arba'in da ɗaya. Da da yunwa na auna ki, arba'in da uku za ki yi."

Ta ce in ci sau huɗu a rana, in sha ruwa kamar raƙumi, belet in zan sa in bar inda yatsu biyu za su shiga, kuma da ƙafa zan riƙa zuwa shagon.

Asabar ta biyu, arba'in ba rabi. Na koma gida na ci abincin mutum biyu. Ta uku, talatin da takwas. Na ce ashe gaskiya ne, abinci ke korar iska, na ƙara kwano. Nono ya dawo har yana jiƙa riga, yarinya ta sha ta yi gyatsa ta yi barci baki buɗe, nas ta koma dariyarta. Asabar ta huɗu na je da siket ɗina na makaranta na ce Goggo lamba na sauka amma zif ya ƙi hawa. Ta ce ai kaya in sun daɗe a ajiye ba a sa su ba tsukewa suke yi, kowa ya san wannan. Na gyaɗa kai. Malamar lissafi, na gyaɗa kai. Ta biyar, talatin da biyar, na dawo gida ina tafiya kamar wadda ta ci gasa.

Maigidana ne ya ɓata komai, kuma ba da niyya ba. Gara ta cinye ƙofar kicin ɗinmu, yana so ya ba kafinta awo. A Asabar ɗin nan ta biyar da ya zo ɗaukarmu ya ga tef a kan teburin Goggo, wanda ta gama auna ni da shi, ita kuma ta zagaya baya. Ya sa a aljihu, ya auna ƙofa a gida, ya faɗa wa kafinta lamba ta waya, ya maido da tef ya ajiye ba wanda ya sani.

Ranar Laraba ƙofa ta iso. Aka kafa ta. Ta gefe hannuna yana shiga ya fita, ta ƙasa kuwa kyanwar maƙwabta ta zo ta wuce ko sunkuyawa ba ta yi ba. Maigidana ya ce kafinta ya ci masa katako. Kafinta ya zaro tef ɗinsa na ƙarfe ya nuna masa lambar da ya bayar, ba ragi ba ƙari. Maigidana ya ce shi da tef ɗin Goggo Tela ya auna, tef ɗin da duk layin nan ya yarda da shi.

Kafinta ya zauna a kan akwatin kayan aikinsa ya yi dariya har da hawaye. "Maigida, matata ma ƙugunta talatin da biyu ne a wurin Goggo. Ni kuma ni na ƙera mata kujera, na san abin da na auna. Shekara goma sha ɗaya bakina a rufe, don ina son zaman lafiya." Sai a lokacin ya lura ina tsaye a bayansu, ya haɗiye sauran dariyar.

Na miƙa hannu ya ba ni tef ɗin ƙarfe. Na shiga ɗaki na rufe, na zagaya shi a cikina, sanyinsa har ƙashi. Talatin da tara.

Na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Da kuka ya ƙare fushi ya karɓa. Washegari da hantsi na saɓi yarinya sai shago, ko gaisuwar kirki ban yi ba.

"Goggo, ashe ƙarya kike mana. Ja kike yi wa tef ɗin nan su miƙe."

Ba ta ɗaga ƙafa daga keke ba. "Tun kafin a yaye ki."

"Kin mai da ni sakarya a gaban kafinta."

"Da ma can kafinta ba ya ganin kowa da wayo." Ta ƙarasa layin ɗinkin, ta ciji zare, sannan ta juyo. "Babban yayanku, ɗana na fari, ƙaton nan da ba ya shiga shagon nan sai ya karkace, yana jariri kwana tara ya yi a asibiti da roba a hanci, saboda uwarsa na son shiga siket. Likita ya faɗa mini gaskiya, mijina ya faɗa mini gaskiya, ban ji ba. Ke nas ba ta faɗa miki gaskiya ba? Kin ci?"



Ta janye yadin da ke kan tebur. A gefen katakon akwai lambobi biyar da allin tela, a jere: biyar da rabi, shida, shida da rabi, bakwai, bakwai da rabi. Ta ce duk Asabar, sa'ad da kaina ke cikin kwano, ita tana auna cinyar yarinya da tef na farko, wanda ba a taɓa rataya masa komai ba. Ta ciro shi ta miƙo mini ta ce in gwada shi da na kafinta in ina so. Na zagaya a cinyar 'yata da hannuna. Naman wurin ya yi ninki biyu, sai da na buɗa shi tef ya zauna. Bakwai da rabi har da ɗoriya.

"Inci biyu na gaskiya ya sauka a cikinki," in ji Goggo, "inci biyu ya hau cinyarta. Ke ce malamar lissafi, ki nuna mini inda na cuce ki."

Na sa fuskata a wuyan yarinyar na daɗe a haka, Goggo kuma ta koma taka kekenta, tana cewa ƙyalle dai ta zama bandir.

Ƙofar tana nan a kicin ɗinmu har yau, kyanwa na shige da ficenta. Cikina ya sauka a sannu cikin watanni, bai kuma koma yadda yake da ba, na bar shi ya bar ni.

Amma Asabar ta shida na je. Na tarar da wata sabuwar haihuwa a kan benci, matar mai gyaran fanka, leɓe a bushe, an naɗe ta tamau tana numfashi sama-sama, ga kwano a gabanta ta kau da kai. Na ci nawa. Goggo ta miƙe ta tsaya gaban bango, hannunta tsakanin ƙusa ta farko da ta shida, ta waiwayo ta dube ni. Na nuna mata na shida da haɓa. Sai da muka kama kan keken mu biyu kafin ya kwance.

"Talatin da huɗu," ta faɗa da ƙarfi yadda za a ji a benci.

Matar ta matso kusa da ni ta yi ƙasa da murya. "Yaya, don Allah da gaske yana sauka?"

Na dubi jaririn da ke cinyarta, ƙafafunsa kamar cokali.

"Da arba'in da ɗaya na fara," na ce. "Amma sai kin cinye, ba ta auna mai yunwa."

Na tura mata kwanon, na karɓi yaron na riƙe mata.