Venel Satna da Akwatin Mutum Biyu

Haihuwarsa

An haifi marigayi Venel Satna a garinmu Velzna, a shekarar da aka buga ƙusa ta tamanin da huɗu a bangon haikali, domin ƙusa ɗaya ake bugawa kowace shekara. Mahaifinsa Thefri maginin yumɓu ne, mahaifiyarsa Culni kuwa mai busa sarewa a wurin walima, kuma ana kyautata zaton a wurinta ya gaji yawan dariya.

Koyon sana'a

Tun yana ɗan shekara tara ya fara cuɗa yumɓu a gaban mahaifinsa, har ya shahara wajen gina fuskokin da ake jerawa a bakin rufin haikali. Aibinsa ɗaya, duk fuskar da ya gina sai ta fito tana murmushi, har ta dodanni, kuma ya sha faɗa a kan haka bai daina ba.

Aurensa

A ƙusa ta ɗari da takwas ya auri Ravnthu, 'yar mai matsar zaitun, mace mai kaifin harshe, wadda duk walimar da aka gan shi tana kishingiɗe a gefensa.

Akwatin

A ƙusa ta ɗari da arba'in ya fara gina akwatin yumɓu da za a zuba tokarsu bayan sun mutu, da siffarsu su biyu a kan murfin, hannunsa a kafaɗarta. Da yake tanderu ba ya ɗaukar aikin gaba ɗaya, al'adar gidansu ita ce a yanka shi da zare tun yana ɗanye, tsakanin miji da mata, a gasa kowa daban, sannan a haɗa. Ravnthu ta iske shi da zaren a hannu.

"Kai tsoho, me za ka yi da wannan?"

"Raba mu zan yi, sai mun gasu."

"Shekara talatin ina fama da minsharinka ban gudu ba, sai yanzu zare zai raba mu? Nemi wani wurin ka yanka."

Sai ya yanka a gwiwa. Sau biyu ɓangaren sama yana fashewa a wuta saboda kauri, maƙwabta suna ta yi masa dariya, ita kuma ta ƙi sassautawa. A karo na uku ya rarake cikinsa sosai, ya fito lafiya lau, in ban da hancin Venel da ya ɗan karkace.

"Ai dama haka yake," in ji ta. A ranar nan unguwa ta sha rawa.

Rasuwarsa

Ya rasu a ƙusa ta ɗari da hamsin da ɗaya, aka ƙona gawarsa bisa al'ada, aka kai tokar a cikin akwatin zuwa makwancin zuriyarsu da sarewa da ruwan inabi. Ravnthu ta bi shi kafin a tsinke zaitun na wannan shekarar. Ya bar 'ya'ya huɗu: Arnza, Sethra, Hastia da ƙaramin Thefri, wanda ya gaji tanderun. Wanda duk ya shiga makwancin zai ga tabon zare a gwiwoyin siffarsu da ke kan akwatin, amma daga nan zuwa sama yumɓu ɗaya ne.