Goruba a Bayan Taguwa

Ni na zaɓi mijina da kaina, wannan kam ba zan ɗora wa kowa ba. A kasuwar Maigatari na fara ganinsa, ina zaune gaban ƙwaryar fura, shi kuma yana sauke wa jakunansa kanwa. Shekarun nan ne da fatake ke dawowa daga Kano suna rantse-rantse kan ƙarar jirgin ƙasa. Dogo ne, marar hayaniya, in yana magana sai ka matso kafin ka ji. Na ce a raina ga gidan da zan huta. Ashe muryar da yake ɓoyewa da rana ajiye ta yake yi sai ya kwanta.

Aka kai ni ƙauyensu kusa da Ɗanzomo, kuma tun makon farko na san na gamu da aiki. Minsharinsa ba ya tafiya a kan tsari ɗaya, balle mutum ya saba. Sai ya fara kamar ana niƙa a dutse, ya ɗauke ɗif har in ɗaga kai in duba ko da sauran rai, sannan ya sako shi gaba ɗaya, har akuyar da ke ɗaure bayan ɗaki ta miƙe tsaye. Na toshe kunne da auduga, na naɗe kai da zane, na mayar da kaina wajen ƙafafunsa. Duk a banza.

'Yan matan yanzu za su ce, me ya hana ki faɗa masa? A lokacinmu ko sunan miji mace ba ta kamawa, balle ta dubi tsabar idonsa ta ce yana gurnani kamar raƙumi. Kunya ta ɗaure mini baki, rashin barci kuma ya shiga cina. Ina daka ina gyangyaɗi. Na saki guga a rijiya, ga rijiyoyin ƙasarmu da zurfi, sai da maza suka wuni suna nemanta da ƙugiya. Surukata, wadda duk gidan ke kira Inna, ta fara murna tana zaton ciki ne. Da ta ga ba ciki, ta ce iska ce, aka yi ta ba ni rubutu ana turara ni har idanuna suka yi ja.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, in ya tafi fatauci sai in murmure, in yi ƙiba, in yi ta waƙa a bakin turmi. Ranar da na ji kukan jakunansa a bakin gari kuwa, gabana ne ke faɗuwa. Mutumin da nake so ke nan, wanda ke kawo mini dabino a ƙulle cikin hularsa. Shi ma ya lura. Wata rana da hantsi ya tsaya a ƙofar ɗaki ya ce, "Me na yi miki?"

Na ce, "Ba komai," da irin muryar da ke nufin akwai komai da komai.

Sai ya juya ya tafi wajen jakunansa. Daga baya na ji ya ce wa Inna yana ganin na daina son zama da shi, kuma ba zai riƙe 'yar mutane dole ba.

Ana cikin haka barci ya sace ni a gaban murhu, tuwo ya ƙone ƙurmus, wuta ta lashi gefen zanena. Inna ta kashe wutar da hannunta, sannan ta ce ba ta taɓa ganin ragguwa irina ba. Ni kuwa ina da zuciya, har yau ban rabu da ita ba. Na ɗaure kayana na yi yaji.

A gidanmu na kwanta tun azahar, ban farka ba sai da rana ta sake fitowa. Baba ya kira ni zaure. Ya dake ki? A'a. Ya hana ki ci ko sutura? A'a. Uwarsa ce? A'a. Ya ce to in masu biko suka zo ban da abin faɗa, ko dai in bi su in rufe bakina har abada, ko a raba auren kowa ya huta. Duka biyun ba na so, amma ta yaya zan faɗa wa ubana abin da ke faruwa a ɗakin mijina?

Kakata ce ta zare maganar daga bakina, tana kaɗin auduga ina gyara mata abawa. Da ta ji, ta yi dariya har mazari ya faɗi. Ta ce, "Don wannan za ki kashe aure? Bar ni da angon nawa." Ita kaɗai ce a duniya za ta iya, don tsakanin kaka da mijin jikarta wasa ne, duk abin da ta faɗa masa dole ya haɗiye.

Da suka zo biko shi da kawunsa, ta sa aka kira shi ƙofar ɗakinta. Ni ina bayan zana ina leƙe. Ta ce, "Ango, ashe kura na ba jikata? Yarinya ba ta runtsa ba tun da aka kai ta. Minsharinka ne ya koro ta."

Ya ce, "Ni, Kaka? Ai ba na minshari. Da ina yi da abokan tafiya sun faɗa. Ni ne ma madugu ke kwantarwa can gefen zango wajen jakuna, don ya ce duk ayarin ba wanda ya kai ni zuciya."

Ta ce, "Can gefe, ko? Nesa da kowa? Je ka sake tambayar madugun."

Na ga fuskarsa ta canza, sai tausayinsa ya kama ni. Shekara da shekaru yana taƙama da wannan jarumtar. Ya tashi ya yi sallama, bai ko tambayi inda nake ba. Na ce shi ke nan, mun kunyata shi, ba zai dawo ba. Na yi kuka sosai, na kuma yi fushi da Kaka har na ƙi cin tuwonta.

Sai da kasuwa ta zagayo ya dawo, shi kaɗai, da ƙunshi a hammata. Ya durƙusa gaban Kaka ya ce ya je wa madugu, madugu ya yi dariya har da hawaye ya amsa laifinsa. Amma ya faɗa masa abu ɗaya: in ya kwanta ta gefe ya jingina da kaya, ayari na samun barci, rigingine ce ke ta da bala'in. Ya kwance ƙunshin. Tsohuwar taguwarsa ce, ya ɗinke ƙwallon goruba a tsakiyar bayanta da basillar da yake ɗinkin mangala, ɗinki mummuna kamar na makaho. Da ita yake kwana tun ranar da ya dawo daga wajen madugu. Duk lokacin da ya juya rigingine sai gorubar ta tokare shi ya koma gefe. Ya ɗaga rigarsa ya nuna wa Kaka bayansa, wurin ya yi baƙi ya kumbura.

Ya ɗan ɗaga murya, abin da ban taɓa ji ya yi ba, don ya san ina bayan zana. Ya ce, "Kaka, ki faɗa mata bai tafi duka ba, ba zan yi ƙarya ba. Na roƙi Inna ta saurari barcina, ta ce akuya dai ta daina tashi. In hakan bai isa ba, zan koma zaure da kwana. Ita dai ta dawo."

Ban jira an kira ni ba. Na fito na ɗauki taguwar na ce wannan ɗinkin abin kunya ne, a ba ni allura. Tun daga ranar ni ke ɗinka masa, kuma gorubar da muka cinye a bayan taguwa ta isa a kafa kurmi. Minsharin bai taɓa barinsa ba, ya dai koma wanda mutum zai iya zama da shi.

Washegarin komawata na buɗe ido na ga rana ta shigo ɗaki har tsakiya. Na zabura, na ce yau kuma na shiga uku da Inna. Gidan shiru, ba ƙarar turmi ko ɗaya. Na fito da sauri ina ɗaura zane, sai ga ta zaune a tsakar gida, taɓarya kwance a cinyarta, ta hana kowa daka.

Na durƙusa zan ba da haƙuri, ta ɗaga mini hannu. Ta ce, "Ubansa ma haka yake. Har ya koma ga Allah ban faɗa wa kowa ba, ban kuma san yadda aka yi na manta ba. Koma ki ƙarasa barcinki, 'yar nan. Dakan zai jira."