Jan Faifai a Kan Tuwon Sallah

Ku matso kusa, 'ya'yana, ku ara mini kunnuwanku, in na gama zan mayar muku da abinku.

Shekarun baya, zamanin da gyaɗa ke sarauta a ƙasar nan, aka kai ni aure daga Getso zuwa Garo. Gidan babba ne, matan 'ya'ya huɗu na tarar, ni ce ta biyar. Suna da wata al'ada: ranar Ƙaramar Sallah, in an sauko daga Idi, sai a shimfiɗa tabarma a zaure, surukina ya zauna da baƙinsa, kowace mace ta aika da tuwonta. Na sabuwar amarya shi ake sawa a tsakiya, shi ake fara buɗewa. Da shi gari ke auna irin matar da aka kawo.

A shekarar, gyaɗar mijina rabi duk fanko ta fito. Yayyensa kuwa sun kai buhuna sikeli, sun sayo wa matansu langa daga Kano, masu fure ja da kore. Ni gidanmu asalin masu shanu ne. Jerena ƙore ne, sai baƙin akushi guda na kakata. Matar babban yaya, Allah ya jiƙanta, ta ce in ɗauki langarta ɗaya. Na yi godiya, na ƙi. Duk zauren nan sun san langar waye, kuma zanen aro ba ya rufe katara.

Na ce to, abin da hannuna ya iya shi zan yi. Na iya saƙar faifai. Na sa aka yanko mini kaba, na samo karan dafi, na dafa shi da 'yar kanwa, na tsoma kabar. Ta fito ja wur, ja irin wanda ido ke jin daɗi. Mahaifiyata ta sha gaya mini, in an rina kaba a ɗauraye ta sau uku, sai ruwa ya fito fari. Na ɗauraye zare ɗaya na ga jan ya ragu. Sai son a yaba ya rufe mini ido, na ce ai tsofaffi ba su san ado ba. Na shanya ta haka nan.

Goman ƙarshe na azumi na kwashe ina saƙa tsakanin azahar da la'asar, zobe ja, zobe fari, tauraro a tsaka. Yatsuna suka rine. Uwar mijina ta gani, ta ce, "'Yar Getso, lallen Sallah tun yanzu?" Na sunkuyar da kai ina murmushi. Gargaɗi ne Allah ya aiko mini, na ɗauka yabo ne.

Ranar Sallah na tuƙa tuwon shinkafa fari fat, na cika akushi har ya yi tozo, na shafe shi sumul. Yana tururi na ɗora faifan, na danna. Uwar mijina ta ɗauka ta kai, ni kuma na laɓe bayan zana, na kasa kunne.

Na ji an yi gaisuwa, an tambayi iyali da shanu da kasuwa. Sannan na ji shiru. Ashe da aka ɗaga faifan, tururi ya sauke rinin gaba ɗaya a kan tuwon: zobe, zobe, ga tauraro nan a tsaka, jan yana gangarowa gefe. Akwai wani mai auna gyaɗa cikin baƙin, bakinsa ba ya ajiye magana. Ya ce, "Malam, amaryar taku yankewa ta yi a kan tuwo?" Wasu suka yi dariya. Ni dai na riga na fara tunanin hanyar Getso, da abin da zan gaya wa mahaifiyata.

Mijina ya ba ni labarin sauran. Ya ce Baba bai yi dariya ba. Ya jawo akushin, ya duba, ya laƙato jan da yatsa ya ɗanɗana. Ya ce karan dafi ne, da shi mahaifiyarsa ke yi musu jiƙo in jininsu ya yi ƙasa. Sannan ya dubi langunan da ke kewaye, wannan kam da kunnena na ji, ya ce, "Waɗannan duk furensu a bayan kwano yake, ba a cinsa. Wannan yarinya ta sa mana nata a ciki. Bismillah."

Da la'asar akushina ya dawo babu ko loma, da farin goro biyu a ciki. Kun san suruki ba ya magana da matar ɗansa. Uwar mijina ce ta kawo saƙon, tana danne dariya: wai in ji Malam, baɗi ma kada a ɗauraye kaba.

Da shekara ta zagayo, gyaɗa ta yi albarka, mijina ya sayo mini langa har da murfi. Na zuba tuwon Sallah a ciki ina taƙama. Aka dawo mini da ita ba a buɗe ba, wai Malam na tambayar akushinsa. Daga nan har ya bar duniya, kowace Sallah sai na rina sabuwar kaba.

Na girma kafin na gane. Tsohon nan ya san kuskure na yi, sarai ya sani. Rufa mini asiri ya yi a gaban mutane, kuma ya ci gaba da rufawa shekara da shekaru, don kada in taɓa zaton tausayi ne.

Baba yana kwance a Garo, uwar mijina a kusa da shi. Mai auna gyaɗa ya koma sayar da goro da kasuwar gyaɗa ta mutu, har ya tsufa yana kirana Mai Jan Tuwo. Mahaifiyata da ta ji labari ba ta ce komai ba sai, "Sau nawa na ce?" Mijina ya riga ni tafiya, Allah ya kai haske kabarinsa. Langar ta yi tsatsa, kaji ke shan ruwa a cikinta. Akushin kuwa ga shi can a kan gadona, ya tsage an ɗinke. Ga kunnuwanku nan, na mayar.