Ammi Bakur ya tafi, zaman Lahadi yana nan

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ammi Bakur, baffan kowa, ya rasu.

Da safen nan 'yarsa Ruƙayya ta kira ni ina hanyar aiki. Ya dawo daga sallar asuba ya ce ƙirjinsa na ciwo, kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa. Na faka mota a gefen titi, na ma rasa ina na nufa.

Ga wanda bai san shi ba, shi ya buɗe cibiyar nan ta unguwar Mahjar a nan Jidda, inda samarinmu ke koyon gyaran AC da kwamfuta, 'yan mata kuma ɗinki. Haifaffen Jidda ne, kakansa ya zo hajji a ƙasa bai koma ba.

Lokacin da mahaifiyata ke kwance asibiti, shi ya riƙa ɗauko min yara daga makaranta. Bai taɓa tada zancen ba.

Da wata babbar gidauniya ta yarda ta haɗa hannu da cibiyar, ya sa ni a kwamiti. A zamanmu na farko a ofishinsu wani baƙo ya shigo a makare, ya dubi Ammi, ya miƙa masa kofi ya ce a zubo gahawa. Launin fatarsa kawai ya gani, ya ɗauka mai hidima ne. Ammi ya tashi ya zuba masa, ya zuba wa kowa, ya koma ya zauna ya ce, "Yalla, bismillah. Ni ne shugaban cibiyar."

A mota na tambaye shi me ya hana shi magana. Ya ce, "Ya waladi, ɗana, faɗa muka zo yi ko kekunan ɗinki muka zo nema?"

Amma akwai inda ba ya lanƙwasuwa.

Gidauniyar ta yi mana tayin sabon gini a unguwar Safa, can nesa da Mahjar, da lifta da komai, bisa sharaɗin cibiyar ta koma can. Ya ce a'a. Ganina da shi na ƙarshe ranar Juma'a ne, wurin mai ful, dafaffen waken nan, a unguwar Ruwais, yana ta ture min burodi. Ya ce, "Uwar da ba ta da mota, wa zai kai mata 'yarta Safa kullum? Ginin zai cika, wallahi zai cika, amma ba da namu ba. Namu sai dai hotonsu a bango."

Ranar Lahadi ne zaman ƙarshe da mutanen gidauniyar. Ko su yarda a gyara tsohon wurin, ko su janye hannunsu gaba ɗaya. Kuma shi kaɗai suke jin nauyinsa.

Ko wanka ba a yi masa ba wani ɗan kwamiti ya turo min saƙo: "Halas, shi ke nan, mu karɓi sabon ginin kawai." Ban amsa masa ba.

Ga amsata a nan. Zan je ranar Lahadi, kuma zan faɗi abin da Ammi ya faɗa. Ruƙayya ta ce za ta taso daga zaman makoki ta tsaya a madadinsa. Iyayen ɗalibai, wanda ya samu hali ya zo. Ban sani ba ko za a saurare mu.

Za a yi jana'iza bayan la'asar.

Allah Ya jiƙan Ammi Bakur, Ya yalwata masa kabarinsa, Ya ba Ruƙayya da ƙannenta haƙuri. Duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya sa shi a addu'a, ya sa yaran Mahjar su ma.